Matar yayana 'yar Yukiren ce, laulayi ya hana ta cin tuwo. Me zan dafa mata a Kano?

Wata ƙanwarmu ce ta aiko da tambaya daga Kano. Yayanta ya yi karatun likita a Kharkiv, can ya auri wata 'yar ƙasar da ta musulunta. Da yaƙi ya ɓarke a 2022 suka tsallaka Polan, suka zauna can har zuwa kwanan nan da suka tattaro suka dawo gida. To ga amarya da ƙaramin ciki. Tuwo ba ya shiga, warin daddawa tayar mata da zuciya yake yi, daga shayi sai burodi, kuma ba ta da zance sai na borshch, wata jar miyarsu, da varenyky, kwaɓin fulawa da ake naɗe haɗi a ciki a dafa, irin na kakarta. Shi ne take tambaya ko ana samun kayan haɗin a nan, da kuma yadda za a yi da batun naman alade, tunda ta ji an ce mutanen can ba sa girki sai da shi.

Ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Ke kuma Allah ya ba ki lada, don ba kowace ƙanwar miji ce za ta yafa mayafi ta shiga kasuwa saboda kwaɗayin matar yaya ba.

Shekara shida na yi a Ternopil, yammacin Yukiren, huɗu daga ciki ina haya a gidan wata tsohuwa, kicin ɗinmu ɗaya. Bayan an fara yaƙin na yi kusan shekara a Lublin ta ƙasar Polan ina aiki a kicin ɗin wani ɗan gidan abinci, inda tun asuba ba ni da aiki sai naɗe pierogi, wato varenyky a bakin 'yan Polan. Yanzu a Kaduna nake, kuma abin da zan faɗa miki abin da na gwada ne da kayan kasuwarmu, wani ya yi, wani na zuba wa kaji.

Abin da bakin matar yayanki ke nema tsami ne. Ƙasarsu ta sanyi ce, akan yi wata huɗu ko biyar ƙasa ba ta fid da ko tsinken ganye ba, saboda haka tun zamanin kakanni in kaka ta yi sai a cika ganguna da kabeji da kokwamba da bitirut, wata jar saiwa da ake ci, a zuba gishiri a bar su su tsima, da su za a ci hunturu. Madara ma haka, barinta suke ta yi tsami. A kan wannan harshensu ya tashi. In kin haɗa mata abu uku, wato tsamin nan, da farin kirim da suke kira smetana, da ƙamshin wani ganye mai suna dil, ko dafaffen dankalin turawa kika ajiye mata sai ta ji kamar tana gaban uwarta. Sa'ar da kika taka ita ce mu ma mutanen tsami ne. Masu nono da koko da kunun tsamiya da miyar yakuwa ai ba a koya musu tsami. Biyu daga cikin ukun suna nan Kano a araha. Dil ne zai ba ki wahala, zan zo kansa.

Ki fara da madara, don ita ke cin lokaci kuma kusan komai sai da ita. Akwai wani farin cuku mai laushi mai ɗan tsami, 'yan Yukiren na ce masa syr, 'yan Polan twaróg. Tunda 'yar Kharkiv ce, inda da yawa Rashanci suke yi a gida, za ki iya jin ta ce tvorog, duk abu ɗaya ne. Kada ki ɓata ƙafarki wajen nemansa a manyan kantuna, kuma kada wani ya ce miki awara ko cukun Fulani zai tsaya a madadinsa. Na Fulani da tumfafiya ake daskarar da shi, ba shi da tsami, danƙo gare shi, ba ya marmashewa. Shi kuwa syr kindirmo ne kawai da aka ɗumama aka tace. Ki samo lita biyu ta madarar shanu sabuwar tatsa, ki tafasa ta sosai. Tafasawar nan dole ce tunda mai ciki za ta ci, ɗanyar madara kan zo da ƙwayoyin cutar da ke taɓa ɗan tayi, yayanki ma zai gaya miki. In ta shanu ta yi wuya, ta gari mai cikakken mai tana yi, ki dama ta da ɗan kauri. In ta huce ta koma ɗumin jiki ki zuba cokali uku na yogot marar sukari, ki rufe ta kwana. Da safe za ki tarar ta kama. Ki ɗora tukunyar a wuta 'yar kaɗan, ba juyawa, ba tafasa, har ki ga farin ya rabu da wani ruwa mai ɗan ɗorawa-ɗorawa, zafin kuma ya kai inda yatsa ba ya iya daɗewa a ciki. Ki sauke ya huce, ki juye a farin ƙyalle mai tsabta, ki rataye awa uku ko huɗu. Lita biyu kan ba da wajen giram 350 zuwa 400. In kika bari ya tafasa zai fito da tauri kamar roba, in kika yi gaggawar saukewa kuma rabinsa ya bi ruwa. A karo na biyu hannunki zai gane. Ruwan da ya tsiyaye ki adana, da shi ake kwaɓin fulawa mafi laushi. Nonon talla dai ki bar shi wa fura, an riga an kaɗe mansa, an kuma ƙara masa ruwa.

Smetana ta fi sauƙi. Ki ɗibi kindirmon nan naki kafin ki ɗumama shi, ki tace a ƙyalle awa biyu kawai ya yi kauri, ki gauraya da man da ya taru a saman madarar ko cokali biyu na kirim ɗin kanti. In kina kusa da kantin Kwarori, labnarsu in an sassauta ta da ɗan madara ta yi kusa ƙwarai. A cikin kwano ake saka ta, cokali guda a tsakiyar miya bayan an zuba, ba a tukunya ba.

Yanzu borshch. Don Allah kada bakinki ya suɓuce ki ce mata ai abincin Rasha ne. Ranar 1 ga Yulin 2022, ana tsakar yaƙi, hukumar UNESCO ta saka al'adar dafa borshch ta Yukiren a jerin kayan gadon da ke buƙatar kariyar gaggawa, kuma mutanen ƙasar nasara suka ɗauke shi. Zancen yana sosa musu rai fiye da yadda kike zato.

Bitirut daga Jos yake zuwa tare da kabeji da karas da dankalin turawa, safiya ɗaya a 'Yankaba ta ishe ki haɗa su duka. Ki zaɓi ƙanana masu duhun ja, ki sa mai kayan ya kankare gefen guda ki gani. In cikin yana da zobba farare miyar koɗaɗɗiya za ta fito. Ki sa kilo guda na ƙashin saniya mai bargo da nama a jiki cikin ruwa lita uku, da albasa guda da ganyen bey biyu, ki kwashe kumfar farko, ki rage wuta ya yi awa biyu yana ɗan motsi. Yana nan ki soya albasa da gurzajjen karas har su yi laushi. Bitirut uku ki yanka sirara kamar tsinken ashana, ki zuba a kan su da cokali biyu na tumatirin gwangwani, da cokali ɗaya na ruwan kal ko rabin lemun tsami, da ɗan sukari, da ludayin romo, ki rufe su turaru minti ashirin. A cikin romon kuma dankali ne ke fara shiga, ya yi minti goma, sai kabejin da aka yanka siriri, sai a ƙarshe jan haɗin nan na kasko. Kada ki juya tsarin. Dankalin da ya haɗu da tsami kafin ya nuna ba zai ƙara nuna ba ko za ki ƙarar da gas ɗin gidan. In haɗin ya shiga, minti biyar zuwa goma ya isa, ki daka tafarnuwa ki watsa, ki kashe wuta ki rufe. Da za ki iya haƙuri ya kwana a firji, na gobe ya fi na yau, wannan kowace 'yar Yukiren za ta rantse miki a kai.

Na san hannunki zai yi ƙaiƙayi. Ba attaruhu, ba kori, ba citta, ba daddawa. Gishiri da masoro, shi ke nan.

Sai babban gargaɗi: kanwa. Farkon dawowata na ce bari in burge mutanen gida. Wasu gidajen a can suna saka wake a borshch, ni ma haka na koya, sai na ce yarinyar da ke taya mu aiki ta dafa min farin wake a gefe. Baiwar Allah ta jefa masa kanwa kamar yadda ta saba, ni kuma ban tambaya ba, na juye shi da ruwansa a tukunya. Ina tsaye da ludayi a hannu ina kallo, jan nan mai kama da yakutu ya dusashe ya koma kalar ruwan kwata. Na matsa lemun tsami uku, a banza. Gwaggona ta leƙo ta ce, "Wannan ce miyar Turawan da aka yi shekara shida ana koyo?" Launin bitirut tsami ke riƙe shi, kanwa kuwa kishiyar tsami ce, kashe shi take yi. Dogon tafasa ma haka yake masa, shi ya sa yake shiga a ƙarshe.

Da burodi ake ci. Nasu na musamman pampushky ne, 'yan ƙananan dunƙule-dunƙule masu laushi da ake shafa wa dakakkiyar tafarnuwa da mai da gishiri da ɗan ruwa suna da zafi. In kin sami ƙananan burodi marasa zaƙi sosai a gidan burodi, ki ɗumama ki shafa musu haɗin, ba wanda zai kai ki ƙara.

Batun alade kuma, gaskiya ne suna cin sa sosai, musamman kitsensa da ake gishirtawa, salo, wanda wasu ke dakawa da tafarnuwa su jefa a borshch daf da saukewa. Amma wanda ya ce miki ba sa girki sai da shi bai zauna da su lokacin azuminsu ba. Kiristocin can suna da dogayen ranakun ƙaurace wa nama, kuma abincin daren jajibirin Kirsimeti, a Yukiren da Polan duka, kala goma sha biyu ake jerawa babu nama ko ɗaya a ciki. Wato akwai borshch marar nama, da varenyky da holubtsi (naɗin ganyen kabeji) marasa nama, da kakanninsu suka dafa shekaru aru-aru. Tsohuwar da na zauna da ita ta ware min tukunya guda da ba ta taɓa ganin salo ba, ta ɗaura mata jan zare a mariƙi don kada ta manta, kuma ba ta taɓa cewa girkina ya kasa ba sai ranar da na cika barkono. Ga kuma Musulminsu na asali. A arewa maso gabashin Polan akwai ƙauyukan Kruszyniany da Bohoniki masu masallatan katako, inda Tatar suka zauna tun 1679, suna yin kołduny, ɗan'uwan pierogi, da naman saniya ko na rago. Tatar ɗin Kirimiya su ne masu chebureki, faffaɗan soyayyen kwaɓi mai niƙaƙƙen nama da albasa a ciki, wanda duk ɗalibin da ya zauna a Yukiren ya ci a bakin tasha. Wannan kam ko Hajiyarku ba za ta mayar da hannu ba. Inda girki ya nemi soyayyen kitse, ki yayyanka kitsen rago ƙanana ki soya a wuta kaɗan har ya saki kakide ya bar ƙus-ƙus ɗin, ko ki yi da fatar kaza. Sai dai mai laulayi, ki fara da man shanu da albasa tukuna, warin kakide na iya korar ta.

Da ni ce ke ma, ba da jan borshch zan fara ba. Akwai koren borshch da suke yi da bazara, da wani ganye mai tsami da suke kira shchavel. Ranar da na fara ɗanɗana shi a Ternopil na ajiye cokali na ce wannan ai yakuwa ce. Romon kaza, dankali, albasa da karas, sai a zuba ganyen minti biyu kafin a sauke, a raba dafaffen ƙwai biyu a saka a kwano da smetana. Yakuwarmu ta fi nasu ƙarfi kuma tana da ɗan yauƙi, don haka ki yi kashi ɗaya yakuwa, kashi biyu alayyahu. Ba nauyi, ba maiƙo, ga tsami. In maigidan, tunda likita ne, yana ɗari-ɗari da dangin zoɓo ga mai ciki, alayyahu zalla da lemun tsami ma yana yi.

Tunda ta zauna a Polan, ƙila ta saba da nasu ma. Su barszcz suke ce wa borshch, nasu na asali kuma tatacce ne, ja wur, ba komai a ciki, har a kofi ake shan sa, irin mai kabeji da dankali kuma barszcz ukraiński suke ce masa. Miyar da ta fi kama min rai a can ita ce żurek, wadda ake yi da tsimin garin wani dangin alkama da suke kira żyto. In kin taɓa jiƙa gasara kin bar ta ta yi tsami, kin san aikin. Żyto ba ma da shi, amma miyar tana da 'yar'uwa da ake yi da tsimin garin alkama, barszcz biały: cokali biyar na garin alkama da dusarsa, rabin lita na tafasasshen ruwan da ya huce, tafarnuwa uku, a rufe da ƙyalle ana juyawa kullum. A can kwana huɗu ko biyar yake yi, a zafin Kano ki fara shinshinawa ran na biyu. Ana zuba shi a romo ya yi ɗan kauri kamar kunu mai ruwa, a ci da dankali da ƙwai.

Varenyky da pierogi abu ɗaya ne da suna biyu. Fulawa rabin kilo, gishiri ƙaramin cokali, mai cokali biyu, ruwa mai zafi wajen kofi guda. Ruwan zafin shi ne sirrin, yana sa kwaɓin ya yi laushi ya daina ja da baya in ana murzawa. Ki cuɗa minti bakwai ko takwas, ki kifa masa kwano ya huta rabin awa. Ki murza shi ya fi na mitfai siranta sosai, ki dinga yankawa da bakin kofin shayi. Na ciki kuma rabin kilo na dafaffen dankali da aka farfasa yana da zafi, da kwatan kilo na syr ɗin nan naki, da albasa biyu da aka soya a man shanu har ta yi ja-ja, da gishiri da masoro mai ɗan yawa. Kada dankalin ya ga bilenda, danƙo zai koma. Kuma sai haɗin ya huce sarai kafin ki fara naɗi. Ƙaramin cokali a tsakiya, a ninka kamar jinjirin wata, a matse baki. In ko ɗigon haɗin ya taɓa bakin ba zai kama ba, a ruwa zai buɗe. A Lublin matar da ke kan aikinmu ba ta magana, ɗaga naka kawai take ta haska a fitila, in ta ga iska a ciki ta ajiye maka shi a gaba ka sake. Ki jefa su kaɗan-kaɗan a tafasasshen ruwan gishiri, ki taɓa gindin tukunyar da ludayi kada su kama, in sun taso ki ba su minti biyu ki kwashe, ki zuba musu man shanu da soyayyar albasa, smetana a gefe.

Wannan haɗin na dankali da cuku 'yan Polan pierogi ruskie suke ce masa. Sunan daga Rus yake, tsohon sunan yankin da Lviv ke ciki, ba ruwansa da Rasha, amma duk da haka a 2022 na ga gidajen abinci suna goge shi a allo suna rubuta ukraińskie.

Yanayinmu na da nasa sharrin. Da hunturu kwaɓin kan bushe kafin ki gama layi ɗaya, sai kin rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Da damina kuma ya dinga kama faranti, sai da barbaɗen fulawa. Sannan su can cika firiza suke da ɗanyu su yi wata suna ci. Ke in ba ki amince da wutar unguwarku ba kada ki fara, in suka narke dunƙulewa suke su zama ƙato guda. Ki dafa duka, ki shafe su da mai, washegari ki soya ragowar a kasko har gefensu ya yi ƙamas. Ni na ma fi son na kwanan.

In ta ambaci masu zaƙi, na vyshnia take nufi, wani jan ɗan itace mai tsami da ba ma da shi. Da sanyi sitiroberin Jos na shigowa, shi ma suna naɗe shi haka, da ɗan sukari. Na gwada mangwaro sau ɗaya, ba zan sake ba. Ranar da ba ki da ƙarfin naɗi, ki haɗa syr da ƙwai da fulawa kaɗan, ki mulmula dogo ki yayyanka ki dafa, sunansa ma na ragwaye. In kika faɗaɗa wannan haɗin kika soya a kasko ya zama syrnyky, karin kumallonsu. Deruny kuma gurzajjen ɗanyen dankali ne da albasa da ƙwai, a matse ruwan a soya fale-fale. Minti ashirin, kuma ban taɓa ganin Bahaushen da ya ƙi shi ba.

Tsimammen kabeji gishiri ne da haƙuri. Kowane kilo na yankakken kabeji giram 20 na gishiri, a zafinmu ki kai shi 25. Ki murtsuke da hannu har ya fid da ruwa, ki danna a kwalba sosai ruwan ya sha kansa, ki ɗora wani abu mai nauyi. Duk abin da ya leƙo sama da ruwa fumfuna zai yi. Ya fi son sanyin digiri 18 zuwa 22, wanda a Kano sai da hunturu ake gani, don haka Disamba da Janairu ne lokacinsa. In ba haka ba ki tsoma gindin kwalbar a randa mai ruwa. Ki fara ɗanɗanawa ran na uku, da ya yi miki ki kai firji, in kika bar shi a waje laushi zai yi ya yi wari. Kokwamba kuwa namu manya ne masu ruwa, ki tsinci mafi ƙanƙanta, ki yanke kawunansu, ki zuba musu ruwa lita ɗaya mai cokali biyu na gishiri da tafarnuwa da ɗan ganyen shayi don su riƙe ƙarfinsu. Kwana ɗaya zuwa biyu sun yi. Ki ajiye mata kwalba a firji, na tabbata da tsakar dare za ki ji ƙarar murfi.

Holubtsi, wato gołąbki a Polan, ganyen kabeji ne da aka naɗe shinkafa da niƙaƙƙen nama a ciki aka dafa a ruwan tumatir. Kabejin Jos ƙulle yake tam, sai kin ƙwaƙule gindin kin tsoma shi duka a tafasasshen ruwa kina ɓare ganyen ɗaya bayan ɗaya. Ki bar shi sai laulayi ya lafa.

Saura abin da ba ma da shi. Dil, wanda za ki ji ta ce krip ko ukrop, ganye ne siriri kamar gashi, kuma ba abin da ke kama da ƙamshinsa, kada a ruɗe ki da fasili ko lansir. Busasshe na kwalba rabin ƙamshin ya tafi, amma ya fi babu. Dabarar ita ce shuka. Ki sa a kawo miki irin, ko ki duba kantin Indiyawa, suna sayar da ƙwayarsa da sunan suwa, wani lokaci tana tsirowa. Ki watsa a tsohon bokiti farkon hunturu, inda rana ke samun sa da safe kawai, kada ki cire ki dasa don ba ya son a taɓa saiwarsa. Mako biyar ko shida kin fara yanka. Zafi na shigowa zai yi fure ya ƙare, sai ki tara irin baɗi, ganyen kuma ki yayyanka ki cakuɗa da gishiri a kwalba.

Hrechka ma babu, wata ƙwaya ce ruwan kasa mai kusurwa uku da ake dafawa kamar shinkafa. Na gwada alkama, na gwada acca, ba su kama hanya ba. Ita da baƙin burodinsu da man sanfulawa ɗanye mai ƙamshi da busasshen majeranek, ganyen ƙamshin da ake saka wa żurek, sai dai saƙo. In kuna da mai zuwa daga Ingila an gama, don tun da Polan ta shiga Tarayyar Turai a 2004 kusan kowane gari can yana da kanti mai allon Polski sklep, kuma hrechka na nan da sunan kasza gryczana, ki ce gasasshiya, prażona. Busassun kaya kawai za a ɗauko, banda nama da kayan madara. Wanda za a aika ya riƙe kalmomin nan: wieprzowina naman alade ne, smalec da słonina kitsensa, boczek naman cikinsa. A rubutun Yukiren свинина naman ne, сало kitsen. Garin miyar żurek na leda sau da yawa da ƙyafaffen alade a ciki, tsiran kajinsu ma akan ɗura shi a hanjin alade, sai an juya bayan leda an karanta.

Abu na ƙarshe, kada ki ɓoye a kicin ki dafa ki kawo mata a rufe wai ba-zata. Borshch kowane gida da nasa, wata da wake, wata ba ta sa, wata mai zaƙi-zaƙi, wata tsami har ya kama muƙamuƙi, kuma nawa na Ternopil ne, ita kuwa 'yar gabas ce. Ki zube mata kayan a tire ki ce ta koya miki. In warin albasa ya dame ta ta zauna a bakin ƙofa tana ba da umarni, in mahaifiyarta na samuwa a waya a kira ta a jingina wayar a jikin kwalbar gishiri. Varenyky dama ba aikin mutum ɗaya ba ne, kewaye tebur suke ana naɗi ana gulma, don haka ki kira ƙannenki ku shimfiɗa tabarma. Na farkonku za su fito kamar kunnen jaki, ita za ta gyara muku.

Ki dai ajiye wa Hajiya yaji a gefe, na san sai ta nema.